Gwiwar Ƙarfe da Ƙarfin Gwiwa



Wanda ya saurari Hausa da kunnen basira zai lura da yadda gwiwa ta cika bakinmu. In mutum ya sami mai tallafa masa, mu ce ya sami ƙarfin gwiwa. In ya ji labari marar daɗi, mu ce gwiwarsa ta yi sanyi. Mai baƙin ciki yana haɗa kai da gwiwa, mai roƙo yana zuwa gwiwa bibbiyu, mace mai naƙuda tana kan gwiwa, jama'a kuma in suka taru a kan aiki ɗaya sun yi haɗin gwiwa. Dalilin wannan a fili yake: rayuwarmu a ƙasa take. A tabarma ake raɗa suna, a tabarma ake ɗaura aure da raba gado da karɓar gaisuwar rasuwa. A ƙasa muke cin tuwo, a ƙasa muke ɗaukar karatu gaban malam, da durƙuso muke gaida na gaba. Sallolin farilla kaɗai raka'a 17 ne a yini, wato sujada 34, kowace kuwa sai gwiwa ta naɗe ta kai mutum ƙasa sannan ta ɗago shi.

To, yaya rayuwa za ta kasance ga mutumin da gwiwarsa ta ƙi lanƙwasuwa, kuma likita ya gaya masa haka za ta zauna? Wannan tambaya ta fara yawa a zongunanmu, tun da 'ya'ya suka fara haɗa kuɗi suna kai iyayensu aikin sauya gwiwa.

Shekara 22 ke nan ina riƙe da alƙalamin wani dattijo daga cikin manyan Hausawan Sokode. Ni nake rubuta wasiƙunsa, ni nake ajiye takardun sulhu da na aure da na gado da ake yi a zaurensa. A nan zan kira shi Maigida, kuma da izninsa nake wannan rubutu. Jikan fatake ne, irin waɗanda suka taso daga Kano da Katsina da ƙafa, suka ratsa Borgu da Jugu, suka yada zango a Didawure, suka wuce Salaga saro goro. Shi ma da ƙafarsa ya nemi arzikinsa. Da girma ya zo, amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsin gwiwarsa ta dama, har ƙashi yana gugar ƙashi. Ya yi fiye da shekara 10 yana fama, barcin dare ya gagare shi. Shekara 3 da suka wuce 'ya'yansa suka kai shi wani asibiti a ƙasar waje aka yi masa aikin.

Ga waɗanda ba su san yadda aikin yake ba: ba a cire gwiwa gaba ɗaya kamar yadda wasu suke zato. Likita yana fere ƙarshen ƙashin cinya da kan ƙashin ƙwauri inda suka lalace, ya sanya wa kowanne hular ƙarfe, sannan ya saka wata roba mai tauri a tsakaninsu ta tsaya a matsayin guringuntsi. Irin gwiwar da ake amfani da ita yau ta samo asali ne daga wadda likita John Insall da abokan aikinsa suka fito da ita a New York ta Amurka a 1974. Aiki ne mai ƙarko. Wani bincike na masanan Jami'ar Bristol ta Ingila da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25 ba a sake su ba. Amma likitocin ƙashi su da kansu suna faɗa cewa kusan mutum 1 cikin 5 ba ya samun cikakkiyar gamsuwa bayan aikin, ko dai saboda sauran ciwo, ko saboda gwiwar ta ƙage.

Maigida yana cikin waɗanda tasu ta ƙage. Raɗaɗin nan mai hana barci ya tafi, mun gode Allah. Yana tafiya kasuwa ya dawo. Sai dai ƙafar ba ta naɗewa.

Mai gashin ƙashi, wanda muke kira kine a nan Togo, shi ya fahimtar da mu lissafin abin. Yana da wani ma'auni mai hannu biyu da yake ɗorawa a gefen gwiwa. In ƙafa tana miƙe sambal, sifiri ke nan. In mutum ya zauna a kujera, tafin ƙafarsa a ƙasa, digiri 90 ke nan. Tafiya a fili tana bukatar kamar 65. Hawa matakala da sauka da tashi daga kujera suna bukatar 85 zuwa 100. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin suna kai 110 zuwa 120, wanda ya wadaci mutumin da rayuwarsa take kan kujera da tebur da gado mai tsawo. Amma tsuguno, da zaman tahiya inda diddige yake haɗuwa da mazaunai, suna neman 150 ko fiye. Wato ko wanda aikinsa ya yi kyau ƙwarai, da wuya ya koma zaman tabarma irin na da. Gwiwar Maigida kuwa a 85 ta tsaya.

Abin da yake riƙe ta, in ji kine, tabo ne na ciki. Kamar yadda fata take yin tabo in ta warke, haka naman da yake kewaye da gwiwa yake yi, a wasu mutane kuma tabon yakan yi yawa ya ɗaure gaɓar kamar igiya. Abubuwa da dama suna taimaka masa: ciwon sukari, kumburin da ya daɗe, zafin da yake hana mutum motsa ƙafa a makonnin farko, da uwa uba yadda gwiwar take kafin aiki. Wadda ta shekara 10 a ƙage ba ta cika sakewa sosai ba, ko da an sa mata sabon ƙarfe. Maigida ya haɗa ciwon sukari da daɗewar ciwo.

A nan akwai abin da nake so kowane gida ya riƙe. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ban taɓa ganin inda wannan magana ta zauna daram kamar a nan ba. Makonni 12 na farko bayan aiki su ne lokacin da tabon yake ɗanye. A cikinsu ne motsa ƙafa kullum yake da amfani mafi girma. A cikinsu ne kuma, in likita ya ga gwiwar ba ta kai 90 ba, zai iya sa wa mutum maganin barci ya lanƙwasa ta da hannunsa, tabon ya tsinke. In aka wuce wata 3, amfanin wannan yana raguwa, haɗarinsa yana ƙaruwa. Al'adarmu ta jinya kuwa ta saɓa wa wannan gaba ɗaya. A wurinmu kula da maras lafiya shi ne a kwantar da shi, a tusa masa matashi a ƙarƙashin gwiwa, masu dubiya su cika ɗaki daga hantsi zuwa isha, in ya yunƙura a ce, "Baba, kada ka wahalar da kanka." Ƙauna ce tsantsa, amma irin wannan ƙaunar tana iya sandarar da ƙafa har abada. Matashin nan ma da ake tusawa yana sa gwiwa ta kasa miƙewa, rashin miƙewa kuwa ya fi rashin naɗewa ɓata tafiya.

Masu wannan sana'a ba su yi mana nisa ba. Akwai cibiyar ƙasa ta gyaran gaɓoɓi a Lome, wadda ake kira CNAO, da cibiyoyin jihohi da ake kira CRAO a Atakpame da Sokode da Kara da Dapango, ban da manyan asibitocin jiha. Wanda zai kai tsohonsa aiki, a Lome ne ko a waje, ya san wurin kine ɗin da zai riƙa zuwa tun kafin a tafi, ya kuma ware kuɗin zuwan a cikin lissafin tafiya. Sau da yawa kuɗin duka yakan ƙare a jirgi da asibiti, a dawo gida hannu wofi a daidai lokacin da aikin gaske zai fara.

Maigida ya yi nasa ƙoƙarin, gwiwar ta ɗan ƙaru, sannan ta tsaya. Bayan shekara guda likita ya gaya masa gaskiya: abin da ya rage sai wani aikin, ko a shiga da na'ura a yanke tabon, ko a sake ƙarfen, kuma babu tabbacin za a sami abin da ake so. Ya kwana biyu yana tunani, ya yi istihara, ya ce ya haƙura da wuƙa. Daga nan ne aka shiga babin da babu likitan da zai rubuta wa mutum maganinsa a takarda, wato koyon zama da abin da ba zai tafi ba.

Abu na farko da ya dame shi shi ne salla. Na ga mutumin da bai yi hawaye ba ranar da gobara ta cinye masa kaya, amma idonsa ya cika da ƙwalla da yake gaya mini, "Malam, goshina ya yi kewar ƙasa." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, abin da muka karanta tun muna yara a Ahalari da Risala, yau ga ranarsa ta zo." Malamanmu na Malikiyya sun jera matakan sallar maras lafiya daki-daki: tsaye ba jingina, sannan tsaye da jingina, sannan zaune, sannan kwance. Asalin wannan shi ne amsar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba sahabi Imrana ɗan Husaini lokacin da basir ya matsa masa, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Shi kansa Manzo ya yi salla a zaune lokacin da ya faɗo daga doki ya ji ciwo. Buhari ya kuma ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa bawa in ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da yake yi yana da lafiya. Limaminmu ya bayyana wa Maigida cewa tun da yana iya tsayuwa, kada ya bar ta: ya yi kabbara da karatu da ruku'u a tsaye, sannan ya zauna a kujera ya yi ishara da sujada, ya sunkuya fiye da yadda zai yi wa ruku'u, ba sai an ɗago masa wani abu ya ɗora goshi ba. Kowa dai ya tambayi malaminsa gwargwadon lalurarsa, domin ba duk gwiwa ce iri ɗaya ba.

Na biyu shi ne zaure. A al'adarmu wanda ya hau kujera alhali sa'o'insa suna tabarma, ko sarki ne ko mai girman kai. Maigida, da ya shekara 40 yana sulhunta mutane a kan buzu, ya ji nauyin ya zauna sama da malamai da baƙi. Ba a rasa masu tsegumi ba kuwa, har aka ji wani yana cewa tun da aka je ƙasar Turawa aka dawo, tabarma ta zama abin ƙyama. Maganin da aka samu mai sauƙi ne. Kafinta ya yi benci biyu dogaye aka jera a jikin bango, duk dattijon da ya shigo a nan ake zaunar da shi, matasa su zauna a tabarma kamar da. Abin mamaki, tsofaffin da ba a taɓa yi wa aiki ba su suka fi kowa murna. Ashe da yawansu sun daɗe suna cije baki suna zama ƙasa, kunya ta hana su faɗa.

Na uku abu ne da ba a son ambata a bainar jama'a, amma rashin ambatonsa yana cutar da mutane: bayan gida. Salgarmu ta tsuguno ce. Mai gwiwa 85 ba zai iya ba, kuma na san dattawan da suka rage ci da sha don gudun shiga, har suka rame. Kujerar katako mai rami a tsakiya da aka ɗora bisa salga, da ƙarfen dafawa da mai walda ya kafa a bango, sun kashe wannan matsala a yini ɗaya. Haka aka yi masa dakalin alwala mai tsawo, aka ɗaga ƙafafun gadonsa da bulo. Ya bar hawa zemijan, in tafiya ta kama a gaban mota yake zama, a ja kujerar baya. Sanda a hannun hagu yake riƙe ta, wato ɓangaren ƙafar mai lafiya. In zai hau matakala mai lafiyar ce take fara hawa, in zai sauka mai ƙarfen ce take fara sauka.

Motsa ƙafar kuwa bai bari ba har yau, domin gwiwar da aka ƙyale ja da baya take yi. Ya ɗaura abin a kan lokutan salla don kada ya manta. Bayan kowace salla yana zama a bakin gado, ya sa ƙafar hagu ya tura ta dama baya a hankali har ya ji ta ja, ya riƙe, ya saki, sau goma. Sannan ya ɗora diddige a kan kujera ya bar gwiwar ta miƙe da nauyinta. Da hunturu, lokacin da ƙafar take tashi da asuba kamar itace, ana ɗora masa tsumma mai ɗumi kafin ya fara. In ta kumbura bayan doguwar tafiya, ƙanƙara ce a cikin tawul.

Ina girmama masu ɗori da wanzamai, gadon iyaye ne, kuma sun yi wa jama'a aiki tun kafin a gina asibiti. Amma gwiwar da take da ƙarfe ta fita daga hannunsu. Murɗa ta da ƙarfi yana iya karya ƙashin da yake riƙe da ƙarfen. Tsaga ko ƙaho ko sakiya ko allurar mai kanti a kusa da ita ƙofa ce ga ƙwayar cuta, in kuwa cuta ta kama ƙarfe, sau da yawa sai an cire shi kafin a rabu da ita. In gwiwar ta yi ja, ta yi zafi, ga zazzaɓi ko mugunya, ko sha-raɓa ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ba a kwana da wannan a gida.

Amfanin duk abin da Maigida ya koya bai bayyana mini sosai ba sai bara, da labari ya zo mana daga Dapango. Amininsa na ƙuruciya, wani Alhaji mai fataucin shanu, shi ma an yi masa aikin, tasa ma ta ƙage, kuma wata 7 ke nan ba a gan shi a masallaci ba. Ya bar zuwa ɗaurin aure, ya bar zuwa jana'iza, ya shige ɗaki. Maigida ya ce a shirya mota. Kusan kilomita 300 ne, ga hawan Alejo da na Defale, ga ƙafar da ba ta son zama wuri ɗaya. Muka tsaya a Bafilo, da Kara, da Kante, da Mango, ko'ina sai ya fito ya taka kaɗan kafin mu ci gaba.

Mun iske Alhaji a kwance, ƙafafunsa sun sirance saboda rashin tafiya. Bayan gaisuwa Maigida ya dube shi ya ce, "Alhaji, ƙarfen nan a ƙafa aka sa maka ko a zuciya?" Alhaji ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya ce, "Alhaji, kai ma ka sani. Ni da na shekara 40 a sahun farko, yau a ɗauko mini kujerar roba kamar baƙon biki, yara suna kallo? Gara in yi a ɗakina, daga ni sai Ubangijina." Maigida ya ce, "Yaran da kake jin kunya, su ma tsufa yana jiransu. In ba su ga yadda dattijo yake salla da lalura ba, a wurin wa za su koya? Kuma gaya mini, wa ka yi wa alkawarin sahun farkon nan, gwiwarka ko Mai gwiwar?" Alhaji bai amsa ba. Da aka kira la'asar, Maigida ya sa aka ɗauki kujeru biyu, ya ce shi baƙo ne, bai san hanyar masallaci ba, sai mai masaukinsa ya raka shi. Haka suka fita, kowa da sandarsa, tafiyar minti biyar ta ɗauke su kusan ashirin. Jama'ar unguwa suka yi ta fitowa suna yi wa Alhaji barka da arziki kamar wanda ya dawo daga Makka. Mun kwana uku a can. Kafin mu taho an kira kafinta da mai walda, kuma babban ɗansa ya ɗauki alkawarin kai shi wurin kine. Gwiwarsa ba ta koma yadda take ba, ba kuma za ta koma ba, amma ana gaya mana yanzu shi yake riga ladan zuwa da asuba.

Abin da na fahimta a cikin shekarun nan uku shi ne, ƙagewar gwiwa rabinta a jiki take, rabinta a wurin jama'a. Rabin jiki na likita ne da kine da naci na mai ciwon. Ɗaya rabin namu ne. Mu ne muke iya sa dattijo ya ji kujerarsa abin kunya ce, mu ne kuma muke iya sa ya ji ba komai ba ce. Haƙurin da addini ya yaba shi ne wanda yake zuwa bayan an yi iyakar ƙoƙari, kuma bai hana mutum ya gyara salgarsa ko ya nemi benci ba. Kada mu manta da iyayenmu mata. Su ne suka fi fama da ciwon gwiwa, su ne masu tsuguno gaban murhu da wanki da shara, kuma su ne ba a lura in sun daina fita, domin babu sahun da za a ga gurbinsu a ciki. Murhu mai tsawo da kujera mai tsawo a madafa ba su fi ƙarfin ɗan da ya iya biyan kuɗin jirgi ba.

Don haka ina roƙon kwamitocin masallatanmu na Sokode da Dapango su ajiye kujeru masu ƙarfi a gefen sahu, su yi wurin alwala da bayan gida ɗaya da mai lalura zai iya shiga, su rage tsawon matakalar ƙofa ko su sa mata abin dafawa. Masu shirya ɗaurin aure da zaman makoki su tanadi benci kafin a tambaya. Matasa kuma, in kuka lura wani tsoho ya ɓace daga masallaci, kada ku tsaya a kan "Allah Ya ba shi lafiya." Ku je ku gano abin da ya tsare shi, wataƙila bai wuce aikin kafinta na yini ɗaya ba. Iyayenmu da suka kira taimakon juna haɗin gwiwa sun san abin da suke faɗa: in ta wani ta gaza, sai a ara masa ta jama'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya sa abin da ya same su ya zama kaffara, Ya ba masu jinya lada, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Amin.

Daga Zongon Sokode.